Littafin da ba ya hannun uwar adashe

Assalamu alaikum. Malamaina da ku ɗalibai, na gode da kuka jure zafin Sakkwato kuka zo. Yau maganarmu a kan bulokcen (blockchain) ce, wato littafin lissafi na intanet da ba ya hannun mutum guda.

Kowa a nan ya san adashe. Littafi na hannun uwar adashe, ita ke rubuta wanda ya zuba da wanda ya kwasa. In littafin ya ɓata, ko aka sauya lamba, sai dai rantsuwa. Haka babbar kwamfutar kamfani take, wadda komai ke bi ta kanta. Ku tuna 4 ga Oktoba 2021: kuskure guda a na'urorin Facebook, sai WhatsApp da Instagram suka ɗauke kusan awa shida. Dillalin albasa da ke jiran saƙo daga Legas, ranar nan sai haƙuri.

Bulokcen ya raba littafin. Bitcoin, kuɗin intanet da ke aiki da shi, ya fara a Janairun 2009, yau kwafin littafinsa na zaune a dubban kwamfutoci a faɗin duniya. Kusan kowane minti goma ana ƙara shafi, kowane shafi kuma ɗauke da hatimin na gabansa. Ka taɓa layi guda, hatimin duk shafukan da suka biyo baya ya ɓaci, sauran masu kwafi su ƙi naka. Ɗaliban hadisi, na ga kuna gyaɗa kai. Kun san tawaturi: maruwaita sun yi yawan da ba za su haɗu a kan ƙarya ba. Misali ne kawai, amma nan ƙarfin abin yake, kuma shi ne ya fi burge ni.

An ma gwada shi. A 2021 Sin ta hana haƙar Bitcoin, wato aikin kwamfutocin da ke ƙara shafi a littafin, ƙarfin na'urorinsa ya ragu da kusan rabi, amma littafin bai rufe ba.

Sai dai ba kyauta ba ne. Bitcoin ciniki kusan bakwai yake ɗauka a daƙiƙa, alhali kamfanin katin kuɗi na Visa na ɗaukar dubbai. Ga cin lantarki, ko da yake Ethereum, wani bulokcen daban, ta rage nata da fiye da kashi 99 cikin ɗari a 2022.

Ƙannena matasa, ku ji wannan da kyau. In kuɗinka na ajiye a manhajar wani kamfanin canji, to kamar ka koma hannun uwar adashe ne. Waɗanda suka ajiye a FTX sun gani a Nuwamban 2022, lokacin da ya durƙushe. In kuma kai ka riƙe mabuɗinka, wato kalmomin sirrin da ke buɗe kuɗinka, ka adana su kamar takardar gona, don in sun ɓata babu ofishin da za ka kai kuka.