Man Gyaɗa a Ɗakin Gwaji: Yadda Ake Rina Fata Don a Ga Ƙwayar Kuturta

Jama'a, ku dubi wannan kwalbar da ke kan tebur. Man gyaɗa ne, irin wanda ake soya ƙosai da shi. Amma nan ba kicin ba ne, ɗakin gwaje-gwaje ne na asibiti, kuma ba mantuwa wani ya yi ya bar ta a nan ba. Idan babu wannan mai, mai awo zai iya duba fatar mutumin da ƙwayar kuturta ta yi wa katutu, ya ɗaga kai ya ce bai ga komai ba. Yau za mu ga dalili.

Mu fara da ita ƙwayar. Wani likita ɗan ƙasar Nowe, Armauer Hansen, shi ya fara ganin ta a madubin likita a garin Bergen a 1873. Tun daga lokacin har yau an kasa renon ta a faranti kamar yadda ake renon sauran ƙwayoyin cuta. Sai a jikin mai rai take yaɗuwa, kuma a hankali: kusan mako biyu take ɗauka kafin ɗaya ta zama biyu. To tunda ba ta shukuwa, sai dai a je a same ta inda take, a cikin fata. Ga shi kuma ba ta da launi. Ka ɗora ta a gilashi haka nan, kamar ka nemi farin zare ne a cikin auduga. Dole a rina ta.

Rini kuwa rini ne na gaske. Jan da ake amfani da shi, fuksin, da shuɗin da ke biyo bayansa, asalinsu galura ce ta masu rinin tufafi a Turai. Wasu Jamusawa biyu, Ziehl da Neelsen, su suka daidaita dabarar a 1882 da 1883 domin ƙwayar tarin fuka, wadda 'yar uwar ta kuturta ce. Dukkansu biyu suna sanye da wata riga mai kauri ta kitse. Rini ba ya shigar ta da sauƙi, amma in ya shiga ba ya fita da sauƙi. Saboda haka sai a rina komai ja, a wanke da asid. Duk abin da ke kan gilashin zai zubar da jan, ban da mai rigar kitse. Sai a bi da shuɗi. Abin da ido zai gani shi ne 'yan sanduna jajaye a kwance cikin fili shuɗi.

Matsalar ita ce, rigar ƙwayar kuturta ba ta kai ta tarin fuka ƙwari ba. Duk wanda ya taɓa sayen atamfa mai zuba ya san zancen: wanki ɗaya mai ƙarfi, launi ya tafi. Asid ɗin da ake wanke majinar mai tari da shi ya yi mata yawa. Don haka ake sassauta shi, a yi amfani da kashi 1 cikin 100 a cikin sifirit, ko kuma kashi 5 cikin 100 na asid irin na ruwan batir, maimakon 20 ko 25 da ake sa wa na tari. Ma'aikacin da hannunsa ya saba da awon tari ya ɗauko kwalbar da ya saba, to ya wanke shaidar da hannunsa.

Hanya ta farko ta ɗaukar samfur ita ce tsagar fata. Ƙwayar tana son wuri mai sanyi a jiki, shi ya sa ake zuwa fatar kunne ta ƙasa, inda mata ke huda ɗan kunne, da kuma gefen tabon da ake zargi. Ku lura da yatsun ma'aikacin. Ya matse fatar sosai har jini ya janye. Ya tsaga da 'yar aska, tsawon milimita 5, zurfin 2 zuwa 3. Sai ya juya bakin askar ya kankaro ɗan ruwan nama, ya shafa a gilashi. Jini ba a son sa a nan, yana rufe abin da ake nema. In ya bushe a ɗan gifta shi ta kan wuta don ya kama, sannan a rina.

Da aka duba, sai lissafi. Ma'aunin yawan ƙwayar, wanda wani likita mai suna Ridley ya tsara, daga 0 yake zuwa 6. In an leƙa gurbi 100 a madubi aka ga ƙwaya 1 zuwa 10, wannan 1 ke nan. In a gurbi guda an ga fiye da 1,000, sun cure kamar damin kara, wannan 6 ne. Ana kuma duba siffarsu. Wadda ta rinu sumul daga kai zuwa gindi ana ɗaukar ta mai rai, wadda ta kakkarye ko ta zama ɗigo-ɗigo matacciya ce. Kuma gawar takan daɗe a fata, shekaru ma. Don haka wanda ya gama shan magani aka sake ganin ja a gilashinsa, kada hankalinsa ya tashi, galibi jiki ne bai gama share gawarwakin ba.

Yanzu mu koma kan man gyaɗa. Wani lokaci tsaga ba ta wadatarwa, sai an yanko ɗan guntun fata, mai zurfi har zuwa kitsen ƙasa, domin a samu jijiyoyin da ke kai saƙon ji. A jefa shi cikin fomalin, ruwan magani mai hana nama ruɓewa, a tsane ruwansa, a dasa shi cikin narkakken kyandir. In ya daskare, inji ya yanka shi siriri ƙwarai, maikiron 4 zuwa 5 (maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), wanda ko bawon albasa ya fi shi kauri nesa ba kusa ba. Kafin a rina, sai an cire kyandir ɗin, kuma abin da ke narkar da shi wani sinadari ne mai suna zailin, sannan a bi da sifirit. To abin da ya narkar da kyandir ai ba zai bar kitse ba. Sai ya tuɓe wa ƙwayar rigarta. A zuba ja, a wanke, ja ya bi ruwa. Ƙwayar tana nan, amma ta saje da fili.

Wani mai bincike a Burazil, Faraco, ya nuna a 1938 cewa mai yana kare ta. A 1947 George Fite da abokan aikinsa a asibitin masu kuturta na Carville, a jihar Luwiziyana ta Amurka, suka gyara dabarar, shi ya sa ake kiran ta Fite-Faraco. Ga yadda ake yi. A haɗa zailin kashi biyu da man gyaɗa kashi ɗaya. A tsoma gilashin a ciki sau biyu, kamar minti goma-goma. Kyandir zai narke, man kuma ya lulluɓe ƙwayar. Ba a kai shi ga sifirit. A danna takardar tsane ruwa a hankali har maiƙon ya ragu. A zuba ja ya yi minti 20 zuwa 30, ba tare da wuta ba. Sai asid mai sauƙi, ido na kan gilashin, da naman ya koma ja-ja mai haske a tsaya. A wanke, a ɗan taɓa shi da shuɗi. Na ce a ɗan taɓa, domin shuɗi in ya yi yawa yakan danne jan. A shanya a iska, nan ma ba sifirit. Kuma ɗakin gwajin da ya san aikinsa yakan rina wani gilashi da aka tabbatar akwai ƙwaya a cikinsa tare da na majinyaci. In wancan bai nuna ja ba, laifin rinin ne, a sake.

Akwai wasu hanyoyin. Wani rini mai suna oramin yana sa ƙwayar ta yi ƙyalli a madubi na musamman, gwajin PCR kuma yana neman ƙwayar halittarta. Suna da amfani, amma ba kowane asibiti ke da su ba.

Abin da na fi so ku riƙe shi ne ma'anar takardar da aka rubuta "ba a gani ba". Kuturta ba iri ɗaya ba ce. Ridley da wani likita mai suna Jopling sun kasa ta gida biyar a 1966, gwargwadon yadda garkuwar jiki ta tsaya mata. A wannan gefe, garkuwa ta yi sanyi, ƙwayoyi sun cika fata maƙil, rini ɗaya ya isa. A wancan gefe, garkuwa ta yi ta yaƙi har ƙwayar ta yi ƙaranci, ka duba yanka shida ba ka ga ko ɗaya ba. Sai ta kai kimanin 10,000 a giram ɗaya na nama kafin tsaga ta nuna ta. A irin wannan, likitan da ke duba nama a madubi yakan koma ga rinin yau da kullum, hematoksilin da iyosin, ya nemi sawun ɓarawo tunda bai ga ɓarawon ba: ƙwayoyin garkuwa sun dunƙule sun kewaye jijiya suna cin ta. Da wuya wata cutar fata ta yi wa jijiya haka.

Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta rataya komai a wuyan madubi ba. Ɗaya cikin alamu uku ta isa: tabon da ya fi sauran fata haske kuma ba ya ji, ko jijiyar da ta yi kauri tare da mutuwar ji ko raunin gaɓa, ko ganin ƙwayar a tsaga. Ƙyasfi da makero suna ji in an taɓa su da auduga, wannan ba ya ji. Inda rinin ke yanke hukunci shi ne tsawon magani. Tabo 1 zuwa 5, jijiya lafiya, ba a ga ƙwaya ba, wata 6. In kuwa an ga ko da sanda ɗaya ja, ko tabon guda ne tak, wata 12 ne na rifamfisin da dafson da kulofazimin. Maganin kyauta ne a duk duniya tun 1995.