Albasar Masar: Hira Kan Bani Isra'ila a Sahara

Zainab: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Yau ma ina tare da Malam Habu da Nura. Malam, makon jiya kun bar mu a bakin teku, Fir'auna ya nutse da rundunarsa. Ni a zatona magana ta ƙare ke nan.

Malam Habu: Wa alaikumus salam. Ai 'yata, nan ne ma aikin ya fara. Ƙafafun Bani Isra'ila ba su gama bushewa ba suka riski wasu mutane suna bautar gumaka, sai suka ce wa Annabi Musa, alaihis salam, su ma ya yi musu abin bauta irin wannan. Yana nan a Suratul A'araf, aya ta 138.

Nura: Allah gafarta Malam, abin nan na ɗaure min kai. Mutanen da suka ga teku ya rabe da idonsu!

Malam Habu: Kada ka yi saurin mamaki, Nura. Wanda aka haifa cikin bauta, ubansa bawa, kakansa bawa, ya saba da ubangidan da yake gani. An fitar da jikinsu daga Masar a dare ɗaya, amma zuciya ba ta da saurin ƙafa. Kuma ka duba inda suka shiga. Sina'i dutse ne da rairayi, ba gona, ba kasuwa, inuwa ma sai an nema.

Zainab: To da me suka rayu?

Malam Habu: Allah Ya yi musu inuwa da girgije, Ya saukar musu da manna da salwa. Manna wani abu ne mai zaƙi, malamanmu kan kwatanta shi da darɓa, wadda yaran karkara ke lasa a ganyen dawa. Salwa kuwa tsuntsu ne, kamar ƙaramar makwarwa. Har gobe irinsa na ƙetaro teku daga Turai, ya sauka a gaɓar Sina'i a gajiye. Da ƙishirwa ta kama su, Annabi Musa ya bugi dutse da sandarsa, idanun ruwa 12 suka ɓuɓɓugo, kowace ƙabila ta san mashayarta.

Nura: Ko rigimar layi babu.

Malam Habu: Babu. Amma me suka ce? Ba za mu iya haƙuri da abinci iri ɗaya ba. A roƙa mana ganyaye, da kokwamba, da adas (wani irin ƙaramin wake), da albasa. Suratul Baƙara, aya ta 61.

Zainab: Malam, a nan zan ɗan kare su. Duk matar da ke riƙe da tukunya ta san ko naman kaza ne, in ka ba yara kwana bakwai a jere sai sun yamutsa fuska.

Malam Habu: Kin yi gaskiya, sha'awar albasa ba zunubi ba ce. Tambayar ita ce, a ina suka san albasar nan? A ƙasar da ake yanka 'ya'yansu maza. Sun tuna ɗanɗanon miya, sun manta wuƙar. Shi ya sa aka ce musu, kuna neman musanya mafi alheri da mafi ƙasƙanci?

Nura: Wallahi Malam kamar da ni kuke. Na taɓa aiki a wani wuri, maigidan ya zage ka a gaban yaran shago, albashi sai ya ga dama. Na yi ta addu'a Allah Ya raba mu, Ya kuma raba mu. Bayan wata shida, ina 'yar buga-bugata, ban taɓa kwana da yunwa ba, amma sai na tsinci kaina ina cewa ai gara can, ko ba komai akwai ƙarshen wata.

Zainab: Albasarka ke nan.

Nura: Ita ce! Abin da ya fi ci min rai shi ne kullum sai gari ya waye zan san na ranar.

Malam Habu: To wannan ita ce jarrabawar manna. Akwai hadisin Abu Huraira a Bukhari da Muslim, cewa ba don Bani Isra'ila ba da nama bai riƙa ruɓewa ba. Malamai suka ce an hana su ajiye salwa, suka ɓoye don tsoron gobe, ya lalace.

Zainab: Ke nan rumbu laifi ne?

Malam Habu: Haba, a'a. Annabi Yusuf ai rumbu ya gina wa Masar, aka tara na shekara bakwai. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kan ajiye wa iyalinsa abincin shekara. Su dai an ba su umarni na musamman, suka ƙi yarda da Mai umarnin. Ku bari in kai ku wurin da na fi so, Suratul Ma'ida. Aka ce musu ku shiga ƙasa mai tsarki. Suka ce akwai ƙarfafan mutane a ciki. Sai mutum biyu suka miƙe, masu tafsiri sun ce Yusha'u ɗan Nun ne da Kalib, suka ce ku afka musu ta ƙofa, kuma ga Allah za ku dogara in kun kasance muminai. Nura, a bakin wa kalmar tawakkali ta fito?

Nura: A bakin masu cewa a tashi.

Malam Habu: Sauran kuwa suka ce wa Annabi Musa, tafi kai da Ubangijinka ku yi yaƙi, mu muna nan zaune. Mu yau mun juya abin. Mutum ya shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, ka tambaye shi, ya ce ya yi tawakkali. Wannan zaman shi ya jawo musu shekara 40 suna ɗimuwa a Tihi, wato saharar da suka yi ta yawo a cikinta. Sahabbai sun riƙe labarin nan sosai. Ana shirin Badar, shekara ta 2 bayan hijira, Miƙdad ɗan Aswad ya ce wa Manzon Allah, mu ba za mu faɗa maka abin da mutanen Musa suka faɗa ba.

Zainab: Abin da ya tsaya min a rai shi ne mutum biyun nan. Ba su yi laifi ba, amma shekara 40 ɗin har da su?

Malam Habu: Har da su, suna cin manna tare da kowa. Masu tafsiri da yawa ma sun ce a cikin Tihin ne aka yi ta saukar da abincin, wato ana horo ana ciyarwa. Annabi Haruna ya rasu a wannan tsakanin. Annabi Musa kansa bai shiga ƙasar ba. Da ajali ya zo, ya roƙi Allah Ya kusantar da shi gare ta gwargwadon jifan dutse. Yusha'u ne ya shiga da 'ya'yan da suka tashi a sahara.

Nura: Waɗanda ba su san albasar Masar ba.

Malam Habu: Ko ƙanshinta.

Zainab: Lokaci ya cim mana. Malam, mako mai zuwa sai ku kai mu ƙofar birnin tare da Yusha'u.

Malam Habu: In Allah Ya kai mu.