Mun cire giyabos ɗin otomatik, mun sa manuwal: yadda 'yan kulob suka ɗaga min aikin

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Yau daga ƙarƙashin mota nake muku magana, don haka ku yi haƙuri da ƙarar guduma da kuke ji a bayana. Nan wani gareji ne irin waɗanda ake da su a Jamus, inda mutum zai yi hayar na'urar ɗaga mota da kayan aiki na awa-awa, ya yi gyaransa da hannunsa. Motar kuwa kun san ta: BMW 330i ɗin nan, zubin E46 da aka soma sayarwa a 1998, mai inji M54 silinda shida, lita 3, ƙarfin doki 231. Da giyar otomatik na saye ta, kuma tun ranar nake son in ji kuloci a ƙafata ta hagu.

Ku duba abin da ke kan katakon nan. Wannan giyabos ɗin manuwal ne na kamfanin ZF mai giya biyar, daga jikin wata 330i da ta yi hatsari ta baya. Ga filawil, ga faifan kuloci da murfinsa, ga fedoji uku a maimakon biyu, ga famfon kuloci na sama da na ƙasa, ga farfela, domin tsawon ta otomatik bai zo daidai da na manuwal ba. Duk wannan kowa zai iya lissafo maka shi. Abin da ya kawo ni yin wannan bidiyon shi ne ƙananan abubuwan da ba sa cikin lissafi, waɗanda sai wanda ya taɓa kwanciya a ƙarƙashin irin motar nan ne ya san su.

Akwai kulob na masu sha'awar tsofaffin BMW da muke haɗuwa a ƙarshen mako. Da na ce musu ga abin da nake shiri, ban roƙi kowa ba, su da kansu suka raba aikin. Wani dattijo, tsohon makanike da ya yi ritaya, shi ya zama jagora. Wani matashi Baturke ya zo da jak na musamman da ake tallafe giyabos da shi. Wata baiwar Allah kuma injiniyar lantarki ce, ta ce wayoyi da kwamfutar mota a bar mata.

Bari in nuna muku inda dattijon nan ya burge ni. Notikan da suka ɗaure giyabos da inji ta sama, hannu ba ya kai musu, ido ma ba ya ganinsu. Sai ya sa muka cire salansa da farfela, muka sassauta gindin giyabos ya ɗan sunkuyo, sannan ya jona sanduna ɗaya bayan ɗaya har suka kusa mita guda, ya zura daga can baya. Ya rufe ido, yana lalube da yatsun hannu ɗaya, ɗaya hannun yana juya sandar a hankali, har muka ji ƙas, kan sifanar ya zauna a kan noti. Ya ce min, "Ɗana, zo ka riƙe ka ji yadda yake idan ya zauna daidai, don gobe ba ni zan kwance maka ba." Na riƙe, na ji. Wannan ba a koyonsa da kallo.

Da otomatik ɗin ya sauko, mu uku muka tare shi saboda nauyi, sai dattijo ya haska tocila a tsakiyar ƙarshen karanshaf. Ku matso ku ga ramin nan. Motar otomatik ba ta da boris a wurin, manuwal kuwa dole sai da shi, domin a cikinsa bakin sandar giyabos ke zama. Ɗan ƙaramin abu ne da zai ɓace a tafin hannu, amma in aka manta da shi sai an sake sauke komai. Ya kawo nasa a aljihu tun daga gida, ya ce ya san ba kasafai ake haɗo shi da kayan da aka cire daga wata motar ba. Haka ya hana a maimaita tsofaffin notikan filawil. Sababbi muka sa, aka ɗaure su da sifana mai awo, ana tsallakawa daga wannan zuwa na ɗaura da shi.

Wani abin kuma: tulun man birki. Kuloci da birki daga tulu ɗaya suke shan mai, kuma a jikin na otomatik akwai ɗan hanci a gefe da aka toshe tun daga kamfani. Yanke bakinsa kawai ake yi a soka mesa. Da muka zo fitar da iska daga layin kuloci, ni ina ciki ina taka feda, Baturken yana ƙasa yana buɗewa yana rufewa, yana kiran "taka, riƙe, saki", har feda ta yi tauri.

Ɓangaren lantarki ni dai tsayawa na yi ina kallo ina tambaya. Motar otomatik ba ta tashi sai giya tana kan P ko N, to yanzu babu abin da zai gaya mata haka. Injiniyar ta jona kwamfutarta, ta sanar da na'urar tsaro da ƙwaƙwalwar inji da dashbod cewa motar ta koma manuwal, alamar gargaɗin giya ta ɓace. Sannan ta ja waya daga makunnin da ke jikin giyabos zuwa fitilar ribas. Ta naɗe kowace waya tsaf, ta yi min zane a takarda saboda duk wanda zai taɓa motar nan gaba.

Inda aka yi gardama mai daɗi shi ne aksul ɗin baya. Na otomatik 3.38 ne, wato farfela na juyawa sau 3.38 kafin tayoyi su juya sau ɗaya, na manuwal mai giya biyar kuwa 2.93. Giya ta biyar a wannan ZF ɗin ɗaya-da-ɗaya take juyawa da inji, saboda haka in na bar 3.38, a gudun kilomita 120 inji zai riƙa juyi kusan 3,400 a minti, alhali da 2.93 bai kai 3,000 ba. Baturken ya ce in bar shi, motar za ta fi zafin tashi. Dattijo ya ce a babbar hanya kunnena da tankina ne za su biya. Ni na bi dattijo, domin tafiyata mai nisa ta fi yawa, kuma ina son motar ta zama kamar yadda kamfani ya fitar da manuwal ɗinta.

Wannan zaɓin yana da wani amfanin, kuma ku da ke zaune a Jamus ku saurara da kyau. Canza giyabos yana taɓa hayaƙi da ƙarar mota, don haka sai jami'in duba motoci, irin na TÜV, ya gani ya amince, sannan a shigar da canjin cikin takardu, a kuma sanar da kamfanin inshora. 'Yan kulob suka ce in je in gana da jami'in tun kafin a kwance noti ɗaya, in nuna masa lambobin kayan. Idan komai ya dace da abin da kamfani ya taɓa ƙerawa, maganar tana sauƙi. Ku kuma duba lasisinku: in akwai lamba 78 a bayansa, otomatik kaɗai aka yarje muku.

Yanzu ku saurara. Na taka kuloci, na murza makulli, ga ta ta tashi. Tayoyin suna sama, bari in bi giyoyin: ɗaya, biyu, uku, duk suna shiga ba ƙara. Ribas, fitila ta kama, injiniya ta ɗaga min babban yatsa. Aksul mai 2.93 yana wurin wani ɗan kulob da ya ce in zo in ɗauka, in ya so ranar da zai canza kulocin tasa motar in zo in riƙe masa jak. A bidiyo na gaba za mu ɗaura shi, daga nan sai wurin jami'in dubawa. Sai mun haɗu, a huta lafiya.