Yadda Ake Farautar Magani a Jikin Fumfunar Ruwa

Jama'a, allurar seftiriyazon ɗin nan da ake yi wa mai taifot ko sanƙarau a asibiti, asalin danginta daga ruwan teku yake. A 1945, Giuseppe Brotzu ya ɗebi ruwa kusa da inda ƙazantar birnin Cagliari ke kwarara cikin teku a tsibirin Sardiniya, ya tsinci wata fumfuna da ke hana ƙwayar taifot yaɗuwa. A Oxford ne Edward Abraham da Guy Newton suka tace sinadarin sefalosforin C, tushen dangin seftiriyazon, daga cikinta.

To yaya ake irin wannan farauta a yau?

Ana tsamo ruɓaɓɓen ice ko ganyen da ya daɗe a ruwa, a wanke shi da ruwan da aka kashe wa ƙwayoyi, a yanka gutsure, a ɗora a farantin abincin fumfuna mai kuloramfenikol don kada bakteriya su mamaye. A ajiye a digiri 25. Matsala ta farko ke nan: fumfunar gama-gari irin su Aspergillus da Penicillium suna da gaggawa, cikin 'yan kwanaki sun lulluɓe faranti, alhali ta ruwan a hankali take fitowa. Sai an duba kullum, a tsinke bakin zarenta a kai sabon faranti.

Idan ta tsaya ita kaɗai, a shuka ta a dafaffiyar shinkafa mako uku zuwa huɗu, a jiƙa da etil asitet (sinadari mai tsamo abin da fumfunar ta samar), a tace, a busar ba tare da zafi ya wuce digiri 40 ba. Sannan a ɗiga a 'yar takarda mai faɗin milimita 6, a aza kan farantin da aka shafe da bakteriya, ya kwana a digiri 37. Idan gari ya waye kewayen takardar fes, akwai abin da ya yi aiki. Amma dole a gefe a sa takardar da aka ɗiga wa sinadarin jiƙon zalla, don shi ma in bai bushe ba yana kisa.

Ku kula da wannan sosai: kada a zubar da shinkafar da ruwan jikinta da suka rage bayan tacewa. Sefalosforin C ruwa yake bi, ba ya shiga etil asitet. Wanda ya gwada ɓangare ɗaya kawai zai iya tuttular da maganin a kwata.

Kuma kewaye fes bai zama magani ba tukuna. Sau da yawa sinadarin sananne ne tuntuni, ko kuwa guba ce da ke kashe ƙwayoyin jikin mutum tare da bakteriyar, shi ya sa gwaji na gaba a kan ƙwayoyin jikin mutum ake yi.