Littafin Tela Da Labarin Gobe

Assalamu alaikum masu kallo. Mu shiga cikin birnin Zariya, wajen masu ɗinkin babbar riga, ana saura wata guda sallah. Kada ku tambayi maigida cinikin jiya. Ku ce ya buɗe muku littafin da yake rubuta sunayen masu kawo ɗinki. In shafuka sun cika, to gobe da sassafe yana kasuwar Sabon Gari sayen zare, zai ƙara yaro ɗaya ko biyu, mai sayar da man janareta ma zai shaida. Kuɗi bai shigo aljihu ba tukuna, amma aiki ya tabbata.

Irin wannan littafi masana tattalin arziki suke leƙawa, sai dai nasu na ƙasa ne baki ɗaya. Sababbin oda ke nan. Ciniki labarin abin da ya wuce yake bayarwa, oda kuwa ita ke nuna ko injin masana'anta zai yi ta juyawa wata mai zuwa.

A Najeriya, kowane wata ana tambayar kamfanoni kusan 400, a binciken da kamfanin tattara bayanan kasuwa na S&P Global ke haɗawa da sunan bankin Stanbic IBTC, wanda ake kira PMI. Tambayar da ta shafi oda ba wuya: odar da kuka samu ta fi ta watan jiya, ta ragu, ko tana nan yadda take? Babban Bankin Najeriya ma yana fitar da nasa binciken.

Ga lissafin. A ce shaguna 100 ne. 40 suka ce ta ƙaru, 40 suka ce ba canji, 20 suka ce ta ragu. Sai a ɗauki 40 na farko, a ƙara rabin waɗanda suka ce ba canji, an samu 60. Sama da 50, kasuwa na buɗewa. Ƙasa da 50, tana tsukewa. A ma'aunin na S&P Global, wanda ke haɗa ɓangarori da dama, sababbin oda ke ɗauke da kashi 30 cikin 100, sun fi kowane ɓangare nauyi, har da kayan da aka sarrafa, masu kashi 25.

Amma fa a yi hattara. Lambar tana ƙirga bakuna ne, ba girman oda ba. Mai hula ɗaya da mai riga ɗari duk "ta ƙaru" za su ce. A Amurka, inda ake lissafawa da kuɗi, odar jiragen Boeing kaɗai kan ɗaga alƙaluman wata guda, shi ya sa ake cire ɓangaren sufuri a sake dubawa. Sannan ga lokaci: cikar littafin tela a watan azumi ba abin mamaki ba ne, da azumin bara za a gwada shi.

Ni dai abin da nake fara dubawa shi ne oda tare da kayan da ke sito. In oda na hawa, sito na ƙarewa, ba da daɗewa ba za ku ji ana neman ma'aikata.