John Ray: Malamin Cocin Da Ya Bar Aiki Kan Rantsuwar Da Ba Tasa Ba

Ka taɓa lura da wake idan ya tsiro? Ganye biyu yake fara fitarwa. Gero da masara kuwa ɗaya tal, siriri kamar tsinke. Kowane manomi ya san haka, amma wanda ya ɗauki wannan bambanci ya raba tsirrai masu fure gida biyu a kansa, malamin addinin Kirista ne ɗan Ingila, John Ray.

An haife shi a 1627 a ƙauyen Black Notley da ke yankin Essex. Mahaifinsa maƙeri ne, mahaifiyarsa mai haɗa magani da ganyaye. Yana ɗan shekara 16 ya shiga Jami'ar Kambrij, har ya zama malami a can yana koyar da Girkanci da lissafi. A 1660 aka naɗa shi limami a Cocin Ingila.

Shekara biyu bayan haka aka yi wata doka. Lokacin yaƙin basasar Ingila, wanda ya kai ga hamɓarar da sarauta, mutane da yawa sun yi rantsuwa cewa za su sauya tsarin coci. Da sarauta ta dawo, sai aka ce kowane malami ya sa hannu cewa waccan rantsuwa ba ta hau kan kowa ba. Abin mamaki, Ray bai taɓa yin rantsuwar ba. Da ya sa hannu, ba abin da zai rasa. Amma ya ƙi amincewa a ce wanda ya rantse da Allah rantsuwarsa ta tashi a banza. Ya ajiye aikin jami'a a 1662, ba shi da gado, ba shi da jari.

Tsohon ɗalibinsa Francis Willughby, ɗan masu hali, shi ya riƙe shi. Suka raba aiki: Willughby dabbobi da tsuntsaye, Ray tsirrai. Daga 1663 suka zaga Holan da Jamus da Italiya, suna tsinka, suna feɗewa, suna rubutawa. Sai ajali ya cim ma Willughby a 1672, yana da shekara 36. Ray ya tattara takardun abokinsa, ya ƙara nasa, ya fitar da littafin tsuntsaye a 1676 da sunan mamacin. A ciki an jera tsuntsaye bisa siffar baki da ƙafa, na tudu daban, na ruwa daban, an yi watsi da tatsuniyoyin da magabata suke kwafa daga juna.

Babban aikinsa, Historia Plantarum, ya fito juzu'i 3 tsakanin 1686 da 1704, da bayanin tsirrai wajen 18,000. Nan ya ce abin da ke tabbatar da jinsi shi ne iri: duk abin da ya tsiro daga irin tsiro guda jinsinsu ɗaya, ko da launi ko tsayi ya bambanta.

A wurinsa duk wannan ibada ce. Littafinsa na 1691 ya kafa hujja da ido da fiffike da ƙwayar iri cewa hikimar Mahalicci a bayyane take.

Ya ƙarasa rayuwarsa a ƙauyensu, gyambo ya cinye masa ƙafa. 'Ya'yansa mata su ke fita su kamo masa tsutsa da malam-buɗe-littafi yana nazari. Ya rasu a 1705, littafin da ya rubuta kan ƙwari kuwa sai 1710 ya fito.