Yadda hoto zai riƙe maka kalmomin Japananci

Jama'a ku kalli wannan alamar da ke kan allo, 木. Bishiya ce, ga gangar jiki ga rassa ga saiwa, Japanawa suna ce mata "ki". Ka jera biyu 林 ta zama "hayashi", ɗan kurmi kenan, ka ɗora ta uku a sama 森 ka shiga daji sosai, "mori". To yanzu sa mutum a gefenta 休, me mutum yake yi in ya jingina da bishiya da rana tsaka? Hutawa mana, kuma ma'anar kenan, "yasumu".

Wannan shi ne kanji, rubutun da suka aro daga China, kuma jerin na yau da kullum da gwamnatin Japan ta fitar a 2010 guda 2,136 ne, in ka ce haddar ka kawai za ka yi wallahi tun ba a je ko'ina ba za ka gaji.

Amma ni inda abin ya fi min daɗi wajen sauti ne, don Hausarmu tana taimako ba kaɗan ba. Kare sunansa "inu", sai ka hango kare kwance a inuwa ya zaro harshe yana haki saboda zafi, ka tsaya ka gan shi da kyau har ƙudan da ke bin kunnensa. Iska "kaze", ga kaza can guguwa ta ɗebe ta gashinta na tashi. Dutse "yama", rana ce ke faɗuwa yamma a bayan dutse. Laima kuma "kasa", ka buɗe laimarka sai ga kasa a naɗe a ciki, wannan tsoron ba zai bari ka manta ba, kanjinta ma 傘 laima ce da mutum huɗu a ƙarƙashi.

Sai dai a kula, kanji ɗaya yana iya samun karatu fiye da ɗaya, 山 ɗin da ka sani da "yama" a sunan dutsen Fuji "san" ake karanta shi, Fujisan. Kuma hoton sai da bita, tun 1885 Bajamushe Ebbinghaus ya nuna yawancin mantuwa a farko-farko take zuwa, shi ya sa nake zuba nawa a manhajar Anki tana dawo min da su gobe, bayan 'yan kwanaki, bayan sati.

Ga na gwaji, 川 kogi ne, layi uku na ruwa, "kawa". 'Yar'uwa, tsayar da ƙawarki a tsakiyarsa ruwa har gwiwa.